Yadda Ake Auna Gumi, Bugun Zuciya da Numfashi Yayin Gwajin Hotuna Masu Harshen Damo

Tun da na nuna wa wasu ɗaliban nazarin halayyar ɗan Adam a nan Gusau 'yar na'urar auna gumin yatsa, tambaya ɗaya ake ta aiko mini: "Malam, ta yaya ake haɗa ta da gwajin Rorschach ko TAT?" Wasu furojet ɗin kammala karatu ne ya taso su gaba, wasu ma'aikatan jinya ne masu son sanin abin. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na jera matakan.

Gwaje-gwajen da nake nufi su ne waɗanda ake miƙa wa mutum abu mai harshen damo, ya faɗi abin da ya gani: katunan ɗigon tawada 10 na Rorschach, ko hotunan TAT da mutum ke ƙirƙiro musu labari, ko jerin kalmomi irin na masanin halayya Carl Jung da ake faɗa masa ya mayar da kalmar da ta fara faɗo masa. Yayin da baki ke magana, mu kuma muna duba abin da tafin hannu da zuciya da huhu ke yi. Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: na'ura tana gaya maka jiki ya motsa, ba ta gaya maka abin da ya motsa shi. Tsoro, kunya, murna, tari da ƙarar babur a bayan taga, duk layi iri ɗaya suke zanawa a allon kwamfuta. Kusan duk matakan da ke ƙasa na rage wannan ruɗanin ne.

1. Izini

Ka fara samun amincewar kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na asibitin ko makarantar da za ka yi aikin, kuma ka sami ƙwararren masanin halayya da zai tsaya a kanka. Rorschach da TAT ba abin da ɗalibi zai koya daga bidiyo ya fara gwada mutane ba ne.

Takardar yarda ta kasance da Hausa, a karanta ta a fili. Ka faɗi abubuwa uku ƙarara. Na farko, na'urar ba ta ja: wutar da ke bi ta yatsa a yawancin na'urori wajen rabin bolt ce, batirin tocila guda ya ninka ta sau uku. Na biyu, ba na'urar kama maƙaryaci ba ce. Na uku, mutum na iya cewa a tsaya duk lokacin da ya so, kuma ba zai rasa magani ko wani tallafi saboda haka ba.

Gargaɗi: idan dangwale zai yi, ya yi da babban yatsan hannun da ba za ka ɗaura wa waya ba.

2. Kayan aiki da kuɗinsu

Na'urar gumi ita ce uwa a wannan aiki. Jijiyoyin da ke tashi lokacin fargaba su kaɗai ke sarrafa gumin tafin hannu, kuma da ɗan gumi ya taso, ko da ido bai gan shi ba, fata kan ƙara barin wuta ta ratsa ta. Ana auna wannan da ma'aunin maikirosimens. Na'urorin hawa uku ne. Akwai na ɗakin bincike irin su BIOPAC da PowerLab, waɗanda kuɗinsu dubban daloli ne, sai dai jami'a ta saya. Akwai na tsakiya irin su Shimmer da eSense, wanda ake haɗawa da wayar salula, daga wajen dala 100 zuwa 'yan ɗaruruwa. Sannan akwai na talaka, wato Grove GSR da ake jonawa da allon Arduino ('yar ƙaramar kwamfuta ta haɗa na'urori), shi kansa bai wuce wajen dala 10 ba. Ka ƙara kuɗin kawowa da na kwastan, ka kuma lissafa da canjin ranar da za ka saya, ba na ranar da ka rubuta kasafi ba.

Na talakan yana da sharaɗi. Lambobin da yake fitarwa ba maikirosimens ba ne, sai ka daidaita shi da kanka. Je wurin mai gyaran rediyo ka sayi razista biyu ('yan abubuwan da ke rage gudun wuta a cikin rediyo), mai kilo-om 100 da mai kilo-om 200. Jona ta farko a madadin yatsa: abin da na'urar ta nuna shi ne maikirosimens 10. Ta biyu kuma 5. Da waɗannan za ka gane ma'anar lambobinka, kuma ka riƙa maimaita wannan gwajin kowace safiya kafin mutum na farko ya shigo.

Domin zuciya, maɗaurin ƙirji irin Polar H10, mai wajen dala 100, yana ba da tazarar kowane bugu. 'Yar na'urar nan ta asibiti da ake maƙalawa a yatsa ta fi araha nesa ba kusa ba, amma tana tara bugun daƙiƙoƙi da yawa ne ta fitar da matsakaici, don haka ba za ta nuna maka abin da ya faru a daidai ƙiftawar ido ba. Numfashi kuwa, in babu bel ɗin aunawa, mataimaki na iya ƙirgawa da ido.

Sauran tarkace: jel na musamman mai gishiri kaɗan, wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, filasta, ma'aunin zafin ɗaki, na'urar naɗar murya, ƙaramin matashi.

Gargaɗi: kada ka ari jel ɗin gwajin zuciya ko na sikanin daga wani sashe. Gishirinsu ba irin na gumi ba ne, za su gurɓata awon. Gargaɗi na biyu ya fi wannan nauyi: muddin waya na jikin mutum, kwamfutar ta kasance kan batirinta, a cire ta daga soket. Wannan kariya ce daga haɗarin wuta, musamman ga na'urar haɗin gida, kuma yana rage hayaniyar da wutar layi ko ta janareto ke zubawa cikin awon.

3. Ɗaki da lokaci

Ƙa'idar da masu bincike ke bi ita ce ɗaki mai zafin digiri 22 zuwa 24. Wanda ya san Gusau a watan Afrilu zai yi dariya, don zafin rana kan haura 40. In kana da ɗaki mai na'urar sanyi da sola, ka gode Allah. In babu, yi aikin da sassafe, ka tsayar da lokaci guda ga kowa, ka kuma rubuta zafin ɗakin a farkon zama da ƙarshensa. Wanda aka auna ƙarfe 8 na safe da wanda aka auna ƙarfe 2 na rana ba a haɗa su a kwando ɗaya. Hunturu kuma nasa matsalar daban: fata ta bushe, yatsu su yi sanyi, layin ya kwanta kamar babu kowa a jikin wayar.

Kada fanka ta riƙa hura hannun kai tsaye. A kashe wayoyi, a rufe ƙofa, a liƙa takarda. Ka tsara zaman yadda ba zai ci karo da kiran salla ba, don hankalin mutum zai rabu, kuma ba daidai ba ne ka riƙe shi ɗaure da waya ana tada iƙama.

4. Tambayoyi kafin a ɗaura komai

Tambayi ko ya ci goro, ya sha shayi ko kofi, ko ya sha taba a sa'o'i biyu da suka wuce. Tun wajen gayyata ya kamata ka roƙa a dakata da su, amma dattijon da ya saba da goronsa tun asuba ba lallai ya ɗauki wannan a bakin komai ba, sai ka tambaya da ladabi: "Baba, an ɗan taɓa goro yau?" Tambayi barcin jiya, da azumi, da zazzaɓi. Mai zazzaɓi a ɗage masa zuwa wata rana, domin zafin jiki kaɗai na ɗaga bugun zuciya.

Sai magunguna. Artane da amitriptyline suna rage gumi, kuma da yawa daga masu zuwa sashen ƙwaƙwalwa suna shan ɗaya daga ciki. Propranolol yana rage saurin zuciya. Ka rubuta suna da adadin da ake sha.

Gargaɗi: kada ka taɓa ce wa wani ya bar shan maganinsa domin awonka ya yi kyau. Wannan hurumin likitansa ne.

Tambaya ta ƙarshe: ya taɓa ganin katunan? Hotunan Rorschach suna yawo a intanet, kuma abin da ido ya saba da shi ba ya tada jiki kamar sabon abu.

5. Ɗaura wayoyin

Ya wanke hannu da ruwa zalla, ya goge, ya ɗan jira. Ba a goge wurin da sifirit, ba a kankare fata. Wanda ya shafa man kaɗe ko basilin ya wanke sosai. Wanda ya fito daga alwala ya bari hannu ya bushe tukuna.

Ana amfani da hannun da mutum ba ya aiki da shi, hagu ga yawancin mutane, domin dama ita za ta riƙe kati. Shafa jel a ƙarafan nan biyu na bakin wayoyin na'urar, ka ɗora su a cikin manuniya da yatsan tsakiya, a gaɓa iri ɗaya, ta tsakiya ko ta ƙarshe. Duk wadda ka zaɓa, ita za ka bi ga kowa har ƙarshen binciken. Kada ka matse har jini ya tsaya. Kama wayar da filasta a wuyan hannu, ka ɗora hannun kan matashi.

A nan ne littattafan waje ba su san mutanenmu ba. Manomin da ya shekara talatin yana riƙe da fartanya, ko matar da ta tashi da taɓarya a hannu, yatsunsu duk kanta ce, kuma kanta ba ta barin awo ya fito. Ga irinsu, koma kan tudun tafin hannu biyu, na ƙarƙashin babban yatsa da na ƙarƙashin ƙaramin yatsa, ka rubuta cewa ka canza wuri.

Mace ce za ta ɗaura wa mace, musamman maɗaurin ƙirji, ko a nuna mata ta shiga ta ɗaura da kanta. Ban da zancen mutunci, hannun baƙon namiji kaɗai ya isa ya ɗaga layin na tsawon mintuna.

Jira minti 5 zuwa 10 jel ya zauna. Sannan ka ce ya ja dogon numfashi sau ɗaya. Cikin daƙiƙa 1 zuwa 3 ya kamata layin ya tashi. In bai tashi ba, duba jonin ka sake. In har yanzu shiru, akwai mutanen da fatarsu ba ta amsawa ko lafiyarsu lau. Ka rubuta haka kawai, kada ka ce ba shi da tausayi ko ba ya jin komai.

6. Awon hutu, kala biyu

Minti 5 yana zaune shiru, ido buɗe, yana kallon bango. Ga yawancin mutane awon fata kan zauna tsakanin maikirosimens 2 zuwa 20, zuciyar baligi 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20.

Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa, kuma kuskure ne. Magana ita kanta tana canza numfashi, ta ɗaga zuciya, ta motsa gumi. Tunda gwajin duk magana ce, kana buƙatar awon mutum yana magana a kan abin da bai dame shi ba. Ka ce ya yi minti ɗaya yana bayanin yadda ake dama kunu ko yadda ake wanke riga. Na taɓa cewa wani ya ba ni labarin hanyar garinsu zuwa Gusau, ina zaton abu ne mai sauƙi. A hanyar aka tare su. Tun ranar ban sake ɗaukar hanya, gona ko kasuwar ƙauye a matsayin zancen da ba ruwansa ba.

7. Miƙa kati da buga alama

Wannan matakin shi ke raba aikin kirki da ɓata lokaci. Amsar fata ga abu tana farawa ne tsakanin daƙiƙa 1 zuwa 4 bayan ido ya sauka a kansa. In ba ka san ainihin daƙiƙar da aka buɗe kati ba, ba ka da hujjar cewa katin ne ya tada layin.

Don haka ku kasance biyu. Mai gwaji ya zauna a gefen mutum, ba gaba da gaba ba, yadda ba zai riƙa karanta fuskarsa ba. Mataimaki ya zauna a baya da kwamfuta, allon a juye, ya danna alama daidai lokacin da fuskar kati ta bayyana. A farkon zama a tafa hannu sau ɗaya tare da danna alama, domin daga baya a iya daidaita murya da layi.

Fara da hoton gwaji wanda ba ya cikin jerin. Abu na farko kusan kullum shi ke samun tashi mafi girma, don sabo ne, daga nan jiki ya riƙa sabawa. In ba ka yi haka ba za ka rubuta cewa kati na ɗaya ya fi tada hankali, alhali farko kawai ya zo.

Ga Rorschach, tambayar ɗaya ce: "Me wannan zai iya zama?" Ka faɗe ta da harshen mai amsa, ko da "mi" ce irin tamu ta Zamfara, amma kalmomin su zama iri ɗaya ga kowa. Katunan suna tafiya a jere daga 1 zuwa 10, ba a cuɗa su. Biyar baƙi ne da toka-toka, na 2 da na 3 suna da ja, uku na ƙarshe launuka ne iri-iri. Saboda haka tashi a kati na 2 ko na 8 na iya zama na bayyanar sabon launi kawai. Zagaye na biyu, inda ake komawa a tambayi a ina ya ga abin da ya faɗa, a ba shi alamarsa daban.

Ga TAT, katunan 31 ne har da guda fari fat, amma ba a amfani da su duka. Zaɓi kamar 8 zuwa 10 tare da mai kula da kai. Labarin ya ƙunshi abin da ya faru kafin hoton, abin da ke faruwa, abin da mutanen ke ji da tunani, da yadda aka ƙare. A ganina waɗannan hotuna na Turawan Amurka na shekarun 1930 baƙi ne ƙwarai ga mutumin Maru ko Tsafe, kuma baƙunta kanta na tada gumi. Ka ambaci haka a rahotonka.

Akwai dabarar da nake so: ka roƙi mutum ya kalli katin daƙiƙa 10 shiru kafin ya yi magana, sai ka sami amsar ido tsantsa, ba ta haɗu da ta baki ba. Amma ka sani wannan ya saɓa wa ƙa'idar gudanar da gwajin, don haka ba za ka fassara amsoshin da ma'aunan da aka saba ba. Ka zaɓa tun farko: ko awon jiki mai tsafta, ko gwaji bisa ƙa'ida.

Tsakanin kati da kati bar wajen daƙiƙa 30, ko har layin ya lafa. Mataimaki ya riƙa rubuta lokacin duk wani tari, dariya, hamma, gyara zama, ajiyar zuciya, ko ƙara daga waje, har da dawowar wuta da fanka ta tashi ba zato.

Gargaɗi ga mai gwaji: riƙe bakinka. "Madalla", "Allah sarki" da "subhanallahi" suna fita ba mu sani ba, kuma kowannensu zai bayyana a layin. Duka zaman kada ya wuce awa ɗaya.

8. In jerin kalmomi ne

Wannan ya fi araha, ya fi sauƙin daidaita lokaci, kuma ga ɗalibin digiri na farko shi nake ba da shawara. Jerin Jung kalma 100 ne, amma 30 zuwa 40 sun isa. Naɗi kalmomin da murya ɗaya ka riƙa kunnawa, don kada sautinka ya tona wadda kake jira. Cuɗa masu nauyi irin su bashi, kishiya, saki, cikin marasa nauyi irin su tabarma, ludayi, allura, kada masu nauyi biyu su biyo juna. Bar daƙiƙa 15 zuwa 20 tsakani, ka rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa.

Kada ka fassara jerin Turai kai tsaye. A can "daji" wurin shaƙatawa ne. A Zamfara ta yau daji, babur, shanu da dare ba kalmomin banza ba ne. Kula da karin harshe ma: "ɗiya" a bakin Bakano 'ya mace ce, a bakinmu tana iya nufin 'ya'ya gaba ɗaya. Jinkirin amsa kuma sau da yawa kunya ce. Matar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari ko na mijinta za ta yi shiru a wasu wurare, ba don wani ciwo a zuci ba.

9. Lokacin tsayawa

Cikin waɗanda za su zauna gabanka akwai wanda ya baro ƙauyensu da gudu, akwai wanda aka taɓa ɗauke shi ko ɗan'uwansa. Jan tawada na iya zame masa jini. In ka ga rawar jiki, numfashi sama-sama, kuka, ko ya ƙura ido ya daina jin ka, kife katin, cire wayoyin, kira sunansa, ba shi ruwa, ka bar shi ya dawo hayyacinsa. Kada ka ce saura kati biyu. Tun kafin fara binciken ka san wa za ka tura wa mutum: likitan da ke kula da shi, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato.

10. Karanta layin

Fara da zubar da duk tashin da ya zo tare da tari, motsi ko ƙara. Sannan ga kowane kati duba tsakanin daƙiƙa 1 zuwa 4 bayan alama. Girman amsa shi ne ƙololuwa a debe inda tashin ya fara. Misali, in layi ya tashi daga 6.20 ya kai 6.65, amsar 0.45 ce. Tsayar da mafi ƙarancin abin da za ka ƙirga tun kafin ka ga sakamako: an saba da 0.05, na'urori masu kyau kan sauka har 0.01. Manhajojin Ledalab da NeuroKit2 kyauta ne kuma suna wannan lissafin, amma ka bi layin da idonka tukuna.

Ba a gwada ɗanyen adadin wani da na wani. Mai laushin hannu zai iya ba da 1.5 inda manomi ya ba da 0.2, kuma ba ya nufin ya fi shi jin abin. Raba kowace amsa da amsa mafi girma ta mutumin kansa, sai ka sami adadi tsakanin 0 da 1 da za a iya kwatantawa.

Zuciya tana da nata halin. Sau da yawa tana ɗan rage gudu a daƙiƙoƙin farko na kallon hoto, musamman mara daɗi, sannan ta ƙaru in an fara magana. Kwatanta bugun lokacin labari da awon magana na mataki na 6, ba da na shiru ba.

11. Rahoto da ajiya

Rubuta abin da ka auna kawai: "Amsar fata a kati na 4 ta fi ta sauran girma, kuma ya yi daƙiƙa 12 kafin ya yi magana." Kada ka rubuta cewa yana tsoron mahaifinsa ko yana ɓoye wani abu. Wannan awo ba ya tabbatar da wata cuta, kuma masana kansu suna jayayya a kan ingancin fassarar waɗannan gwaje-gwaje. In miji, shugaban ma'aikata ko wani jami'i ya nemi ka ɗaura wa wani don a gane gaskiyarsa, ka ƙi.

Kowane fayil ya ɗauki lamba a madadin suna, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma ta zauna a kulle wani wuri daban. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka muryar da ka naɗa ba ta shiga WhatsApp, ko da zuwa ga mai duba furojet ɗinka ne. Kai masa a filashi mai lambar sirri. Kafin mutum na gaba ya shigo, wanke ƙarafan da ruwa, bar su su bushe, ka sake rubuta zafin ɗakin.